Ba Sialei Ce ta Ɗari Huɗu Ba

Campbelltown, Sidni
Watan Fabrairu

Zuwa ga yayata Leata,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarki. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Uelese da yara duka. Yaya ƙafar Baba? Na ji an ce har yanzu yana satar jiki ya tafi gonar gwaza da kun kau da ido. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya kuma ba ku haƙurin zama da shi, don taurin kansa mu muka gada. Muna jin labarin ruwan da ake yi muku a tsibirinmu Savai'i na Samoa, kuma kowace Lahadi sai mun sa ku a addu'a, Allah ya raba ku da guguwa a wannan damina. Mu ma nan lafiya lau muke, sai zafin da ya hana kowa sakat. Mijina Penaia yana nan yana fama da motarsa ta kai kaya, cikinsa kuwa kullum gaba yake yi. Ɗanmu Fetai ya shiga shekara ta biyu a koyon aikin wutar lantarki, har ya gyara fankar coci, fasto ya ambaci sunansa a gaban jama'a. Kokon haɗa cakulan da kika aiko ya iso, mun gode ƙwarai. 'Yarki Sialei ce ta daka shi da kanta, ta kuma hana kowa taɓa rabonta.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani da waya take hannun kowa. Dalili shi ne duk lokacin da muka ɗauko maganar nan a waya, ke ki fashe da kuka, ni in ɗaga murya, layi kuma ya yanke kafin ɗayanmu ta ji ɗaya. Shi ya sa da na ji ƙawata Losa za ta zo gida jana'izar surukinta, na ce bari in zauna in rubuta, ki karanta a natse, in kin ga dama ki maimaita. Raina a ɓace yake, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba da ke nake fushi ba, ko da yake ke ma da naki a ciki.

Bari in fara da saƙon muryar da kika aiko mini washegarin da Kawu Setefano ya sa hoton jaridar nan a zauren dangi na waya. Na saurare shi a wurin aiki har sai da na shiga bayi na share hawaye. Kin ce wai ke da kika yi ta ɗaya tun daga aji ɗaya har kika bar makaranta, yau 'yarki ce za ta zama ta ɗari huɗu da sha biyu, kuma wai da wane ido za ki kalli matar fasto. Yaya, don Allah ki saurare ni. Ba Sialei ce ta ɗari huɗu da sha biyu ba. Ba a gwada ta ba, ba a auna ta ba, mai jaridar ma bai san da ita a duniya ba. Yarinyar tana aji shida na firamare, sai baɗi za ta shiga sakandare. Lambar nan ta makarantar unguwarmu ce, kuma an fitar da ita ne daga jarrabawar fita ta waɗansu samari da 'yan mata masu shekara sha takwas, waɗanda sun riga sun gama sun kama gabansu.

Na san inda kuskuren ya samo asali, kuma ban ga laifinki sosai ba. Mu a gida mun tashi ne ana tara mu ƙarshen shekara, shugaban makaranta ya miƙe ya kira na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa na kashin baya, iyaye na zaune suna ji. Shekara bakwai ke nan da kika ba ni riƙon Sialei, kuma babu shekarar da ba ki tambaye ni ta nawa ta zo ba. Ni kuma kullum sai in ce miki nan ba a faɗa, sai dai malama ta rubuta tana ƙoƙari a lissafi, tana da ladabi, tana son karatu. Na sha jin a muryarki cewa kina zargin ina rufa mata asiri ne. To bayan wannan dogon ƙishi sai ga lamba ta faɗo miki a waya, dole ki rungume ta. Kawu ma haka ya yi, dattawan cocinmu ma haka. Mu mutane ne masu son a jera mu a kira sunanmu, da zarar mun ga jeri sai mu duba ina namu yake.

Ga yadda suke yin jadawalin nan, don na bi na tambaya har na gajiyar da mutane. Kowace Disamba, in sakamako ya fito, sai jarida ta ƙirga waɗanda suka sami maki mafi ƙololuwa kaɗai, daga casa'in zuwa sama, ta raba da yawan jarrabawar da aka zauna a makarantar. Shi ke nan fa. Yaron da ya shigo bai iya haɗa harafi ba ya fita da maki saba'in, ba a ƙirga shi. Wanda ya sami tamanin da tara ma banza ne a wurinsu. Fetai da ya fita daga wannan makaranta da takardar sana'a a hannu, yau ana kiransa gida-gida, a lissafinsu ko inuwarsa babu. Su kuma makarantun da suke can saman jeri, yawancinsu sai yaro ya ci jarrabawa mai tsanani kafin su ɗauke shi, ko kuma iyayensa su zama masu abin hannu. In ka zaɓe manyan gwaza tun daga gona ka kai kasuwa, ai ba kwandonka za a yaba ba. Mataimakin shugaban makarantarmu ya faɗa mini cewa bara suna sama da haka da wajen lamba arba'in, abin da ya sauko da su kawai shi ne waɗansu yara uku masu kaifin kai sun gama sun tafi. Malamai su ne dai na bara, allo shi ne, azuzuwa su ne.

Yanzu ki ji abin da ya faru ranar Lahadin da ta gabata, don na san Kawu ya riga ya ba ki nasa ɓangaren. Bayan coci duk dangi suka taru a gidanmu cin abinci, Kawu a kan tabarmar gaba kamar yadda ya cancanci mai riƙe da sarautar gidanmu. Ɗansa Aleki ya zo daga arewacin birni da matarsa Baturiyar nan, Bronwyn. Ana gama ci, an kawo ruwan wanke hannu, sai Kawu ya zaro jaridar daga jakar Littafi Mai Tsarki, ya yi wa layi biyu ja da biro. Ya ce makarantar unguwar su Aleki ita ce ta sittin da uku, tamu kuwa sai an juya shafi ake ganinta. Ya ce ba a ɗauko jinin gidanmu daga Savai'i aka haye teku da ita don ta zo ta zauna a bayan shafi ba. Kin san dokar nan, makarantar gwamnati sai ta unguwar da yaro yake kwana, kuma masu farin jini irin wannan har takardar wuta da ta haya suke nema su tabbatar. Don haka Kawu ya yanke cewa Sialei za ta tattara ta koma gidan Aleki tun yanzu, ta ƙarasa aji shida a can, a cike mata fom da adireshinsu a watan Maris. Ya ce ya yi magana da ke kin amince. Ya rufe da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wai ni ce yaron, da furfurata.

Aleki kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa ai komai a bayyane yake, lamba ba ta ƙarya. Aleki fa, wanda ni da ke muka riƙa yi masa aikin gida har ya gama firamare! Yau don yana sa taye yana aiki a banki, shi ne mai fassara mana lamba. Penaia mijina, maimakon ya tanka, sai ya sunkuyar da kai yana ta gyaran tabarma kamar a nan aka ɗauke shi aiki. Daga baya wai ce mini yake shi suruki ne, ba ya shiga maganar gidanmu. Na ce masa da ake rabon naman alade ban ga ya tuna shi suruki ne ba.

Kada ki ɗauka na ƙi abin ne da ka. Gani ya kori ji, don haka na ɗauki hutu a wurin aiki na je na ga makarantar nan ta sittin da uku. Sai da na canza jirgin ƙasa sau biyu. Gaskiya makaranta ce mai kyau, Yaya, ba zan rage mata komai ba. Ɗakin karatunsu ya fi cocinmu girma, yaran a natse, ko takarda ɗaya ban gani a ƙasa ba. Matar da ta zagaya da ni ta karɓe ni da fara'a. Da na tambaye ta yaranmu na tsibirai nawa ne a ciki, sai ta yi tunani ta ce tana jin akwai biyu ko uku, kuma ƙungiyar ƙwallon zari-ruga tana alfahari da su. Na ji abin a raina.

Wadda ta buɗe mini ido kuwa ita ce Bronwyn ɗin da muke yi wa kallon ba ta san komai ba. Da na biya ta gidansu, muna kicin mu biyu, ta ce mini kada in ruɗu da sittin da ukun nan. Ta ce kusan kowane yaro a makarantar, da an tashi sai gidan lesin na kuɗi, ranar Asabar ma haka, waɗansu har Lahadi da safe. Wai rabin lambar a gidajen lesin ake dafa ta, makaranta ta karɓi yabo. Nata yaran biyu haka suke, sai yamma liƙis suke shigowa gida, su ci abinci kowa ya rufe ƙofarsa. Ta ce za ta riƙe Sialei tsakani da Allah in an kawo ta, kuma na yarda da ita. Amma ita da Aleki duk ba sa dawowa da wuri, ɗakin da za a ba yarinyar kuwa shi ne wanda suke tara akwatuna. A gidan nan babu mai yin yaren Samoa, Aleki kansa sai ya ga ubansa yake tunawa da shi. Ki yi tunani, Yaya. Shekara biyu a can, da wane baki Sialei za ta gaishe ki a waya? Da wane baki za ta yi hira da Baba?

Ita ma tamu ta ɗari huɗu da sha biyu ba zan yi mata kwalliya ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana faɗa a bakin ƙofa wani lokaci. Malamai matasa suna zuwa su yi shekara biyu su gudu. Bayin 'yan mata kuwa Fetai ya ce ƙawayensa riƙe fitsari suke yi har gida. Kuma akwai abu ɗaya da jadawalin ya nuna mini na gaskiya, wanda na gode masa a kai: a lissafi mai zurfi, yaro ɗaya tak ya kai ƙololuwa a wannan karon. Wannan ya dame ni, don Sialei kanta na ja a lissafi, malamarta Misis Haddad ta ce ba ta cika ganin irinta ba. Shi ne ya sa na je na titsiye mataimakin shugaban. Ya ce suna da aji na musamman na masu hazaƙa, ana shiga da gwaji, malami ɗaya ne yake riƙe da su tun daga shiga har fita, kuma shekararsa goma sha wani abu a wurin bai motsa ba. Ya ba ni izini na zauna a bayan ajin na ga darasi. Ban fahimci abin da ke allo ba, amma na ga yara suna gardama da malami a kan amsa, yana dariya yana ce musu su tabbatar masa. Wata 'yar tsibirin Tonga ce ta kayar da shi. Wannan duk babu shi a jarida.

Abin da nake so ki gane shi ne, jadawalin nan yana da amfani kamar yadda ɗan yatsa yake da amfani in an nuna maka hanya. Ya ce maka je ka duba can, je ka tambayi wannan. Amma bai san wace ce Sialei ba. Bai san cewa da kika sauke mini ita tana shekara huɗu, ta yi wata da watanni ba ta yi wa kowa magana ba, sai dai ta riƙe gefen zanena har bayi. Bai san sai da ta kai aji uku ta daina ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi ba. Bai san yanzu ita ce take jan waƙa a bikin Lahadin yara na coci, ƙawayenta biyar duk makarantar unguwa za su shiga ba. Ba na cewa na tabbata tamu ta fi. Wataƙila a can ta fi samun maki, Allah ne masani. Ni dai na san abin da za a cire mata tabbas ne, abin da za a ba ta kuwa wataƙila ne.

To ga abin da Kawu bai faɗa miki ba, ko ya faɗa ta wata fuskar. Jiya ya aiko Aleki da fom ɗin in sa hannu, don a idon gwamnatin nan ni ce uwarta, babu abin da zai motsa sai da hannuna. Ban sa ba. Na bi Aleki har gidan Kawu, na zauna a ƙasa, na sunkuyar da kai, na nemi gafara kamar yadda aka koya mana, sannan na ce masa a'a. Yaya, tun da aka kafa gidanmu ban ji macen da ta ce wa mai sarauta a'a ba. Ya ce in tuna riƙo aka ba ni, ba gado ba. Ya ce son kaina ne ya sa, don ba ni da 'ya mace, ina so in tsare yarinya ta riƙa wanke mini kwanuka. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da duk abin da aka taɓa faɗa mini a ƙasar nan. Na amsa cewa gaskiya ne riƙo ne, shi ya sa mai ita kaɗai za ta karɓe ta daga hannuna, kuma sai na ji daga bakinta, ba ta bakin ɗan aike ba. Ya ce kada in sake taka masa gida sai na dawo hankalina.

Saboda haka magana ta dawo hannunki. Ke kika yi naƙudarta, ni ban yi ba, kuma ban taɓa mantawa ba ko na rana ɗaya. Shi ya sa na koya mata ta ce miki Maman Samoa, na sa hotonki a gefen gadonta. In kin karanta duk wannan kin ce ta tafi, wallahi ni zan haɗa mata kaya, ni zan kai ta da ƙafata, ba kuma za ta ga hawayena ba. Amma ina roƙonki kada ki yanke don lamba, ko don matar fasto, ko don Kawu ya ji daɗi. Ki tambaye ni duk abin da kike so, ki tambayi Bronwyn, ki tambayi Misis Haddad, zan tsaya in fassara miki. Fom sai an mayar kafin ƙarshen Maris, don haka kada ki bar takardar nan a ƙarƙashin tabarma.

Ki gaida mini Baba, ki ce masa maganin shafawarsa yana jakar Losa, kuma ya bar gona wa jikoki. Ki gaida Uelese da Goggo Sose da fasto da iyalinsa, har da matar tasa. Ki gaida su Mikaele da Tolu da autarki Pua, kowa ya ji sunansa. Penaia yana gaishe ku, Fetai ma haka, ya ce in ya zo Kirsimeti zai gyara muku wayar wutar kicin. Ita kuwa Sialei, kin san ita ce take yi wa Kawu fifita a kan abinci ranar Lahadin nan, komai a kunnenta aka yi. Tun daga ranar ba ta tambaye ni komai ba, sai dai ta riga kowa tashi ta share gida, ta wanke har abin da bai yi datti ba. Ɗazu da nake rubutun nan na kira ta na ce me zan faɗa wa Maman Samoa. Sai ta ce in gaishe ki da kyau, in ce miki in wani laifi ta yi a yafe mata, za ta ƙara ƙoƙari, don Allah kada a sake ba da ita.

Amsar tana wurinki, Yaya. Ki kira ta ki ba ta da bakinki.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Fuatino